Jan Biron Malam Jatau

A Gwallameji, bayan mai tsire,
tsakanin shagon caji da na masu buga takarda,
akwai wani ɗaki da ba ya cin mutum huɗu.
An rubuta a ƙofa da alli, ruwa ya ci rabi:
"Ana duba rubutu. Ba a rubuta wa kowa."

Na shiga da babi uku ƙunshe a leda,
da dubu biyar a aljihun gaba,
na ce, "Malam, a gyara mini, jibi zan miƙa."
Ko kallon kuɗin bai yi ba.
Ya gyara tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗaure da zare,
ya ce, "Zauna. Karanta mini da bakinka."

Na fara. A layi na uku numfashi ya ƙare,
jimlar kuwa tana ta gangarawa
kamar tirela a hanyar Jos, birki ya ƙwace.
Ya ce, "Inda ka shaƙe, nan aya take.
Huhunka ya fi ka sanin nahawu."

Bincikena kan tumatir ne,
yadda yake narkewa a Muda Lawal kafin la'asar,
amma na sa masa rigar aro
ta manyan kalmomi, har tana jan ƙasa.
Jan biro ya bi shafi kamar kaza a kan shanya:
nan, "Wa ya faɗa?"
nan, "Gani ka yi, ko ji?"
can kuma alamar tambaya ita kaɗai, tsirara,
ta fi zagi ciwo.

Na fita da fushi. Na ce tsoho ne,
fanshonsa ya maƙale, yake hucewa a kaina.
Na nufi wajen wani yaro mai kwamfuta
da ke dafa digiri cikin dare ɗaya.
Ina tsaye a ƙofa injinsa ya amayo
aiki ɗaya da sunaye uku.
Na juyo, ledata a hammata.

A shafi na sha bakwai
akwai layi guda da biron bai sara ba.
Kewaye shi kawai ya yi, a gefe ya sa: "Ga ka nan."
Layin da na fi jin kunyarsa ne,
maganar Inna Lantana mai kwando ashirin:
"Da safe ni ke yi wa tumatir kuɗi,
da yamma shi ke yi mini."
Malam ya ce, "Daga bakin matar nan za ka fara.
Sauran duk gyaran murya ne."

Sau shida na sake babin,
ga zafi, ga sauro, ga fitilar waya.
Sau shida ya dawo da ja,
amma jan yana ja da baya
kamar miki mai kamewa.
Ranar da ya dawo da waƙafi biyu kacal
ya aike ni na sayo masa da yaji,
muka baje ta a kan rubutuna na farko,
mai ya ratsa manyan kalmomin
har ana hango tebur ta cikinsu.

Bana yana ta rufe idonsa.
Ni ke kan kujerar, biron a hannuna,
har yanzu yana mini nauyi kamar taɓarya.
Shi kuwa yana waje kan benci, carbi a hannu,
wai iska yake sha.

Jiya wata Dijangala, 'yar ajin ƙarshe,
ta zo da babi uku da gaggawa.
Na ce ta karanta da bakinta.
A layi na uku ta shaƙe.
Kafin in buɗe baki
sai muka ji tari daga waje, guda ɗaya, gajere.

Na miƙa mata biron.
Ta ɗiga ayar da kanta.